Hatimin da Hamasuna-san Ta Buga a Juye

Mai girma shugaban wannan taro, kuma shugaban kamfaninmu, Tsurudome-san. Masu girma 'yan majalisar gudanarwa. Mai girma wakilin lardin Kagoshima, wanda ya ajiye ayyukansa ya zo ya zauna da mu. Dattawan tsibirin Kazashima, waɗanda suka sha sa'a biyar a jirgin ruwa jiya domin su halarci wannan zama. Shugabannin sassa da mataimakansu. Injiniyoyinmu masu hawa turakun waya da masu wuni a ɗakin na'urori. Ma'aikatan teburin sauraron koke. Tsofaffin ma'aikatanmu da suka yi ritaya amma har yau ba su taɓa fashin taron da za a raba abinci ba. 'Yan uwa maza da mata, ina yi muku barka da yamma, ina kuma yi muku barka da zuwa.

Ina godiya ga shugaban kamfani da ya ba ni wannan dama. Ina godiya ga waɗanda suka shirya wannan zaure, musamman waɗanda suka share harabar har sau uku tun safe, domin dutsen nan namu mai aman wuta ya zaɓi yau ya yi mana feshin toka. Ina godiya ga iyalan ma'aikatan sashena, waɗanda suka yi shekara huɗu suna jin sunan Nagamine a bakin mazajensu da matansu, kuma na san ba da alheri ake ambatonsa ba. Ni ne Nagamine ɗin. Ga ni ku gan ni, ba ni da ƙaho.

An ba ni minti goma sha biyar in yi bayani a kan sabon tsarin na'urorin kamfani na shekara biyar, in kuma yi kalmar bankwana ga wata ma'aikaciya da za ta bar mu a ƙarshen wannan wata na Maris. Waɗanda suka san ni na ga sun riga sun gyara zama. Ku yi haƙuri da ni, abubuwa huɗu ne kawai a bakina, kuma na biyun ne mai tsawo.

Abu na farko shi ne taswira. Baƙinmu da suka bi ta hawa na shida sun gan ta, ta cinye bango guda tun daga ƙofa har taga. Ba taswirar garuruwa ba ce, taswirar cikin kamfaninmu ce. Kowane akwati da aka zana a kanta wata manhaja ce ko wata na'ura mai yin wani aiki: wannan tana rajistar sabon layi, waccan tana lura da turakun da guguwa ta kayar, wata tana aika saƙo, wata tana tuna wa wata abin da ta manta. Layukan da ke tsakaninsu kuma su ne hanyoyin da suke magana da juna. Aikin sashena shi ne mu san me muke da shi, mu san wa ke jingine da wa, mu kuma yanke shawarar abin da za mu gina da abin da za mu rushe kafin shekara biyar.

Ranar da muka gama zana ta, akwati ɗari huɗu da goma sha biyu muka ƙirga. Shekara arba'in kowane shugaban sashe yana gina nasa, ba ya tambayar maƙwabcinsa, har muka wayi gari manhaja bakwai ne ke riƙe da adireshin mutum ɗaya, kuma babu biyu da suka yarda da juna. Na tsaya gaban majalisar gudanarwa na yi alkawarin zan mayar da su sittin. Yau ina sanar da ku, cikin farin ciki da alfahari da mutanena, cewa mun mayar da su sittin da ɗaya. Wannan ɗayan da ya yi rara shi ne sauran jawabina.

Abu na biyu shi ne kuskurena, kuma na roƙi shugaban kamfani ya bar ni in faɗe shi da bakina kafin wani ya faɗa mini shi bayan na yi ritaya.

A sana'armu akwai wata dabara da magabata suka aro daga ƙasashen waje, mu kuma muka gada. Idan ka tarar da na'ura tana aiki, ka zagaya sassa kana tambaya ta wa ce, kowa ya ce ba tasa ba, to sai ka kashe ta ba tare da ka sanar da kowa ba, ka zauna ka jira. Wanda yake amfani da ita zai yi kuka, sai ka san mai ita. In mako biyu ya wuce ba ka ji kukan kowa ba, ta mutu ke nan, sai a cire ta a kai bola. Ba a sanarwa, domin in ka sanar kowa zai ce tasa ce don kada a taɓa masa kaya. Na yi wa na'ura tamanin da tara haka, kuma duk ta yi aiki. Wata daga cikinsu ko minti huɗu ba a yi da kashe ta ba shugaban sashen kasuwanci ya hawo bene da gudu babu ko takalmi, yana nan zaune a layi na biyu, ba zan nuna shi ba.

Sai muka zo kan akwati mai lamba ɗari biyu da goma sha huɗu. Wata tsohuwar na'ura ce a kusurwar ɗakin na'urori, launinta ya koma kamar na tsohon haƙori, babu takarda ko ɗaya a kanta, babu sunan sashe. Abin da kawai muka gani shi ne kowace safiya da ƙarfe bakwai tana buga waya zuwa wasu lambobi na tsibirai, sai ta yi shiru har gobe. Muka ce gwajin layi ne na zamanin da, wani ya manta da shi. Ranar Alhamis na sa aka kashe ta. Mako ɗaya, shiru. Mako biyu, shiru. Na rubuta takardar cire ta ina fito da baki don murna.

Kun san yadda takarda ke yawo a gidan nan. Kowa yana da ɗan gurbinsa, ya buga hatiminsa da jan tawada, ƙarami ya ɗan karkata nasa wajen na babba kamar mai rusunawa. A al'ada daga ƙasa take tashi ta hau sama. Ni kuwa, saboda wayon da nake jin ina da shi, sai na fara da manya, na tara hatimi goma na shugabannin sassa, sannan na aika ta ƙasa, domin na san babu ƙaramin ma'aikacin da zai ga wannan jerin ya yi tari. Gurbi biyu suka rage: na shugaban kamfani, da na mai kula da teburin koke, wadda aikinta kawai ta shaida cewa ba wanda ya kira ya yi ƙorafi. Wannan mai kula ita ce Hamasuna Michiyo-san, ga ta can a gefen dama tana ɓoye fuska da hankici.

Ba ta aiko da takardar ta hannun kowa ba. Ita da kanta ta hawo hawa na shida, ta rusuna, ta ajiye ta a teburina da hannu biyu. Na duba, sai na ga hatiminta a juye, kansa a ƙasa. Shekara talatin da huɗu ina aiki, a labari kawai nake jin ana yin haka, ban taɓa gani da idona ba. Ma'anarsa kun san ta: na gani, amma ban yarda ba.

Na ce, "Hamasuna-san, hannunki ya kuskure."

Ta ce, "Hannuna lafiyarsa ƙalau, Shugaban sashe."

Na ce, "An kira an yi koke?"

Ta ce, "Ko mutum ɗaya."

Na ce, "To me ya rage?"

Ta ce, "Ba za su kira ba. Ko shekara ka jira ba za su kira ba. Ka taimaka ka kunna ta yau."

Ta nuna mini hoton na'urar da muka liƙa a shafi na uku. A jikinta akwai wani ɗan tef da rubutun hannu da ya kusa gogewa, mu ba mu ko kula da shi ba. Ita kuwa ta gane rubutun marigayi Ijichi-san ne, injiniyan reshenmu na Kazashima a lokacin da muke da reshe a can, ita kuma tana budurwa tana aiki a teburin reshen. Ta ce shekara talatin da ɗaya da suka wuce an yi guguwa, aka tarar da wani dattijo ya rasu a ɗakinsa kwana huɗu ba wanda ya sani. Abin ya tsaya wa Ijichi-san a rai, sai ya ɗauko wata na'ura da aka daina amfani da ita ya haɗa mata dabara. Kowace safiya ta kira tsofaffin da ke zaune su kaɗai. Wanda ya ɗauka, lafiya. Wanda bai ɗauka ba har sau uku, sai ta kira maƙwabcinsa ko mai unguwa ta ce a je a duba. Bai rubuta takarda ba, domin ya san in ya rubuta sai ta nemi hatimi goma sha biyu, kuma kafin a gama bugawa an sake yin wata guguwar. Da aka rufe reshen aka kwaso na'urar da sauran kaya aka jona ta a nan, ta ci gaba da aikinta. Masu unguwanni sukan kira Hamasuna-san su ce a ƙara wance, a cire wane ya koma wajen 'ya'yansa, ita kuma ta gyara a lokacin cin abincin ranarta. Mutum ɗari uku da shida ne a jerin a ranar.

'Yan uwa, da mutumin kirki aka kawo wa wannan bayani, da ya miƙe ya kunna. Ni ba haka na yi ba, kuma ina jin kunyar faɗa. Abin da na gani shi ne tsarina na shekara huɗu ya tsaya cak saboda ɗigon jan tawada ɗaya. Na ce mata ƙa'ida ta hana a kunna na'urar da ba ta da mai ita. Ta ce a rubuta sunanta. Na ce matsayinta bai kai ba, sai shugaban sashe. Na ce mata yanzu kowa yana da wayar hannu, tsofaffin nan sun daɗe da mantawa da wannan kira, shi ya sa ba su yi magana ba. Har na tuna mata, cikin ladabin da ya fi zagi ciwo, cewa shekara biyu suka rage mata, kuma akwai gurbi a ma'ajiyar kayanmu ta bakin tashar jiragen ruwa ga mai son hutawa. Ta gane abin da nake nufi sarai: in aka matsar da ita, mataimakiyarta za ta buga mini hatimi a miƙe. Ta sake rusunawa ta ce, "Na ji, Shugaban sashe." Ba ta ɗauki takardar ba.

Na kai ƙararta wajen shugaban kamfani. Ya ɗaga takardar, ya juya ta sama, ya juya ta ƙasa, ya ce, "Nagamine, takarda mai hatimi a juye ba ta kwana a ofishina. Ku je tsibirin ku biyu, wanda ya dawo da gaskiya shi zan saurara." Washegari da safe muka hau jirgi. A cikin tafiyar sa'a biyar ɗin teku ta juya mini ciki, sai Hamasuna-san ta miƙo mini busasshen ɗan itacen nan mai gishiri ta ce in tsotsa. Na karɓa ina fushi, kuma ya yi mini magani.

Mai unguwa ya sauke mu. Da gari ya waye, saura minti ashirin bakwai ta cika, Hamasuna-san ta zaɓi gida ɗaya daga jerin, gidan wata tsohuwa da ake kira Kaka Fude, mai shekara tamanin da tara, idonta ba ya gani sosai. Mai unguwa ya ce mata baƙi ne daga kamfanin waya. Ta kawo mana shayi da dafaffen dankali, ta yi ta ba mu haƙuri wai gidan babu gyara, alhali ko ƙura ɗaya ban gani ba. Saura minti biyar sai ta ce mu gafarce ta. Ta taje kanta, ta gyara wuyan rigarta, ta je ta durƙusa a gaban wayar da ke kan wani ɗan tebur, ta ɗora hannuwa a cinya. Agogon bango ya buga bakwai. Wayar ba ta yi ƙara ba. Ta jira har bakwai da minti goma, sannan ta juyo ta ce, "Yau ma aiki ya yi mata yawa."

Na ce, "Kaka, kwana nawa ke nan ba a kira ba?"

Ta ce, "Yau sha shida."

Na ce, "Me ya hana ki kira kamfani ki yi ƙorafi?"

Ta dube ni kamar na ce ta yi sata. Ta ce, "Ƙorafi? Kai ɗan nan, wa ya rene ka? Shekara goma sha takwas ana gaishe ni kowace safiya ban taɓa ba da ko tsinke ba, sai don an yi fashin kwana kaɗan in ɗaga waya in dami mutane masu aiki? Ai sai a ce tsohuwar nan ba ta da kunya."

Na ce, "Amma kin san na'ura ce ke kira, ba mutum ba?"

Ta ce, "Tsufa na yi, ban haukace ba. Na san na'ura ce. Amma ai wani ne yake kunna ta, ko?"

Ga shi kuwa wanda ya kashe ta yana zaune yana cin dankalinta. Sai Hamasuna-san ta matsa kusa da ita, ta durƙusa, ta ce a hankali, "Barka da asuba. Ƙarfe bakwai ya yi. Kin tashi lafiya? Ki sha ruwa, ki buɗe taga." Kalmomin da na'urar ke faɗa ke nan. Ashe da Ijichi-san ya haɗa ta, yarinyar teburin reshen ya sa ta yi magana ya naɗa, kuma ba ta gaya mini ba.

Kaka Fude ta laluba ta kama fuskarta da hannu biyu. Ta ce, "Ke ce? Kai, kin tsufa! Ni ina can ina ta yi miki fatan miji." Muka yi dariya, su biyun suna yi suna share hawaye. Ni tawa dariyar ba ta yi nisa ba, domin a nan ne mai unguwa ya ja ni gefe ya gaya mini abin da aka hana shi faɗa. A kwana na tara, wani dattijo mai suna Sakoda-san ya zame a rumbun bayan gidansa ya karye a ƙugu. Yini guda da rabi yana kwance a ƙasa kafin mai kai wasiƙu ya ji nishinsa. Da wayar tana aiki, da ƙarfe bakwai da kwata maƙwabcinsa ya iso. Da aka kai shi asibiti, abu na farko da ya roƙa shi ne kada a gaya wa mutanen kamfani, kada ransu ya ɓaci. Sakoda-san yana cikin zauren nan, ga shi can da sandarsa. Na je na durƙusa a gaban gadonsa a wancan lokaci, kuma yau ina sake rusuna masa a gabanku.

Da wayar Kaka Fude na kira ɗakin na'urori na ce a kunna. Injiniyan ya ce, "Shugaban sashe, ƙa'ida ta ce sai da sunan mai ita." Ƙa'idar da ni na rubuta ce yake karanta mini. Na ce, "Rubuta Nagamine." Ya ce, "Wane Nagamine?" Na ce, "Nagamine nawa ka sani?"

Abu na uku shi ne abin da muka koya, kuma a nan nake roƙon matasan sashena su ajiye wayoyinsu su saurare ni. Dabarar kashewa a jira kuka ba ƙarya ba ce, tana aiki a kan shugabannin sassa, domin mu ba ma jin nauyin yin ihu. Amma mu da muka aro ta mun manta a wace ƙasa muke zaune. Mun manta iyayenmu ne suka koya mana kada mu dami mutane, kada mu zama nauyi a kan kowa, mu haɗiye mu yi murmushi. Mun gina gwaji a kan kuka, muka kai shi wajen mutanen da suka shekara tamanin suna koyon yin shiru. Ni da aka haifa a wannan lardi, ni da mahaifiyata ta ɓoye mana ciwonta wata shida don kada mu bar aiki mu zo, ni ne ya kamata in fara tunawa, kuma ni ne na manta.

Saboda haka a sabon tsarin da aka raba muku, a shafi na huɗu, za ku ga mun canza ƙa'ida. Ba za a sake kashe wata na'ura ba sai an bi layinta har ƙarshe, an ga ko na'ura ce a can ko mutum. In mutum ne, sai wani daga hawa na shida ya sa takalmi ya je ya gan shi. A kowane akwati na taswira yanzu akwai tambayoyi biyu. Ta farko tsohuwa ce: in wannan ya tsaya, wa zai yi kuka? Ta biyu sabuwa ce: in ya tsaya, wa zai yi shiru? Mun kuma mayar da takarda tana tashi daga ƙasa kamar yadda aka saba, kuma an hana ni musamman in sake fara ta daga sama. Da muka koma muka bi sauran akwatunan da wannan tambaya, mun sami uku da muka kusa yi wa irin wannan ɓarna. Bin su ya jinkirta tsarin da wata bakwai, shugaban kamfani ya sha tambayoyi a gaban majalisa saboda ni, kuma bai taɓa yi mini gori ba sai sau goma sha ɗaya.

Tsohuwar na'urar Ijichi-san ta huta a watan jiya. Mun gina wa aikinta sabon gida, mai takarda, mai suna, mai masu gadi, kuma ya bazu zuwa tsibirai tara. Matasa sun kawo shawarar a sa sabuwar murya mai tsabta. Dattawan Kazashima, a karo na farko a tarihin kamfaninmu, suka aiko da ƙorafi a rubuce. Mun sa takardar a gilashi mun rataye kusa da taswira, muryar kuma tana nan yadda take.

Abu na huɗu, kuma na ƙarshe, ke ce, Hamasuna-san. Shekara talatin da tara kin yi a gidan nan. Ba ki taɓa zana akwati ko ɗaya a taswira ba, amma ke kika san waɗanda ke zaune a ƙarshen layukan. Kin saurari fushin mutane dubbai a teburin koke, ba a taɓa jin kin ɗaga murya ba. Kin horar da 'yan mata da samari da yawa, wasunsu yanzu sun fi ki matsayi, kuma har yau in sun gan ki sai sun gyara tsayuwa. Kin san abin da hatimin nan zai iya jawo miki. Kin san zai iya sa ki ƙarasa aikinki kina ƙirga igiyoyin waya a bakin teku, ki fita ba tare da taro irin wannan ba. Kin sani, kika juya shi kika buga. Na yi miki barazana, kika saka mini da maganin tashin zuciya. Ban taɓa ba ki haƙuri yadda ya kamata ba, domin duk lokacin da na fara sai ki ce, "Shugaban sashe, shayinka zai huce." Yau babu shayi a gabana, kuma akwai shaidu ɗari huɗu. Ki yafe mini. Ina ƙaunarki ƙaunar da ƙane ke yi wa yayar da ta hana shi faɗawa rami, kuma duk wanda ke hawa na shida haka yake ji.

Makon jiya takardar ritayarki ta zagayo. Ta taso daga ƙasa yadda ya dace, kowa ya buga nasa ya ɗan karkata. Da ta iso teburina na daɗe ina kallonta. Shugaban kamfani yana riƙe da ita yanzu, in kin karɓa ki duba gurbi na tara, wato gurbina. Na san ba zai hana komai ba, shekaru sun cika, doka ce. Amma ke kika koya mini yadda ake yi, kuma hannuna lafiyarsa ƙalau.

Na kuma ji cewa Kazashima za ki koma, gidan iyayenki da ke can ƙarshen tsibirin, ke kaɗai. Na ji kin ce wa mai unguwa kada a sa sunanki a jerin, wai kada ki ɗora wa mutane nauyi. Hamasuna-san, ke ma? To, ina sanar da ke a matsayina na mai wannan akwati cewa an riga an sa. Ranar ɗaya ga Afrilu da ƙarfe bakwai wayarki za ta yi ƙara, za ki ji wata yarinya 'yar shekara ashirin da bakwai tana tambayarki ko kin tashi lafiya. Ki ɗauka. In ba ki ɗauka ba har sau uku, za ta kira maƙwabcinki, sannan ta kira lamba ta biyu da aka rubuta a gaban sunanki, kuma lambar tawa ce. Kin ga yadda teku take yi mini. Ki tausaya mini ki riƙa ɗauka.

Ina roƙon Allah ya ba ki lafiya da tsawon kwana, ya sa ki ji daɗin hutunki kamar yadda muka ji daɗin aikinki. Allah ya jiƙan Ijichi-san, wanda ya karya ƙa'ida ya tsare rayuka. Allah ya ƙara wa Sakoda-san ƙarfin ƙafa, ya kai gaisuwarmu ga Kaka Fude, wadda ta aiko a ce ba za ta iya jirgi ba amma tana nan tana ɗauka. Allah ya ba shugabanninmu haƙurin karanta takarda har shafi na uku, ya ba ƙanananmu ƙarfin halin juya hatimi in sun ga abin da ba mu gani ba. Allah ya tsare tsibiranmu daga guguwar bana, ya kwantar da teku gobe saboda dattawanmu, ya mayar da kowa gidansa lafiya.

Na gode.